Tafin Ƙafar Tsohon Tela

Daga ofishin lafiya aka turo wata jami'a ta duba yadda ake koyar da masu ciwon suga a ƙaramin asibitin unguwa. Ta zauna a bencin baya da takarda mai gida goma sha biyu. Nas ɗin da ke koyarwa kuwa bai bar komai ba: ya yi bayanin abinci, motsa jiki, shan magani da duba tafin ƙafa kullum. Ta cike kowane gida da maki.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Da aka zo maganar ƙafa, wani tsohon tela ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Ana tashi ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, me ya ba ka dariya?"

"'Yata, wata uku ke nan yana cewa in duba, ina cewa to." Ya zauna, ya yi ƙoƙarin ɗago ƙafar, gwiwa da tumbi suka ce ba su san zancen ba. "Rabona da ganin tafin nan tun kafin a haifi jikata."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Kullum 'kun gane?' ake cewa. Ni kuwa na gane sarai."

Ta duba takardarta, babu gidan wannan. Ta ajiye ta, ta durƙusa, ta zare masa takalmi.

Allura ce a kafe a diddigensa, da guntun zarenta. Shi kuwa bai ma san da ita ba, ciwon suga ya kashe masa jin ƙafar; yana ta murmushi, yana jiran ta gama.