Giɓin Shekara Biyu

Shafi goma sha ɗaya. Sai da na ƙirga sau biyu don kada in ɗauki alhakinsa. Ƙanena, autanmu, mai digiri na uku a ilimin sinadarai, ya miƙo mini takardar bayanin kansa ta neman aiki, wadda muke ce wa sibi, shafi goma sha ɗaya cif.

"Auta, aiki kake nema ko littafi za ka wallafa?"

"Yaya, wallahi na ma rage. Da sha huɗu ce."

Shekarata goma sha shida a ofishin ɗaukar ma'aikata na wani kamfanin fenti. Ba yabon kai ba, idan sibi ta shigo hannuna, kafin shayina ya huce na san gefen da za ta. Wata tara Auta yana aika wa kamfanoni wannan kundin nasa, ko "mun gani" babu wanda ya ce masa. Bai taɓa nuna mini ba, saboda girman kai irin na masu ilimi, sai ranar Asabar ɗin nan da abin ya kai masa iya wuya. Tun da ya kammala karatu jami'a ta karɓe ɗakin da suke ciki. Matarsa da 'yarsu suna gidan iyayenta, shi kuma yana kwana a falona, kan kujerar da ƙafafunsa suke leƙowa ta ƙarshenta. To ga wani kamfanin haɗa magunguna ya buɗe gurbi ɗaya a sashen tabbatar da inganci, aikin da kamar don shi aka yanka, har da gidan ma'aikata. Ƙarfe biyar na yammar ranar za a rufe karɓar takardu.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka zauna a teburin cin abinci. Na ture kofuna gefe, na buɗe kwamfuta, na ɗauko jan biro.

Shafin farko har da firamare. Na soke. Har da gasar muhawarar da ya ci a sakandare. Na soke. Ya bi biron da ido kamar wanda ake yi wa allura.

"Wanda zai karanta wannan mutum ne irina," na ce masa. "Takarda ɗari uku ce jibge a gabansa, manaja yana ta kiransa a waya. Ba ruwansa da yawan iliminka. So yake ya san me za ka yi masa ranar Litinin."

"Amma ai dole su ga zurfin binciken."

"Su ga zurfin su faɗa ciki? Karanto mini wannan."

Na nuna masa ɗaya daga cikin maƙalolinsa goma sha tara, wadda takenta kaɗai ya ci layi uku. Ya gyara zama ya karanto, har da ɗan lumshe ido. Ko kalma ɗaya ban tsinta ba.

"To yanzu faɗa mini da bakin mutane."

Ya yi ajiyar zuciya. "Kin san maganin yara na ruwa, wanda ake ba su idan ƙwayoyin cuta sun kama su? Idan ya sha zafi a mota ko a sito, ƙarfinsa yana raguwa, kuma ido ba ya gani. Gwajin da ake yi don a gane yakan ɗauki kwana uku. Ni na samo hanyar yinsa a awa shida."

Na ajiye biro. "Auta. Kamfanin magani za ka tura wa takarda, kuma ka iya mayar da aikin kwana uku awa shida. Ina ka rubuta haka?"

"Ai yana cikin maƙalar, idan suka buɗe shafi na..."

"Allah ya shirye ka, Dakta!"

Haka muka yi ta yi. Ni ina tona, shi yana ɓoyewa, ba don mugunta ba, sai don a wajensu abin da ba a buga a mujalla ba bai zama aiki ba. Ashe babban injin ɗakin gwajinsu ya taɓa mutuwa wata biyar, shi ya zauna da littafin injin har ya tashe shi. Ashe ɗalibai goma sha huɗu ya koya wa aiki da shi. Da na ce a rubuta, sai ya ce wai wannan ai taimako ne kawai. Na ce masa taimakon ake ɗaukar mutum ya yi.

A kan maƙalolin ne muka kusa raba gari. Na ce uku za su tsaya. Ya ce goma. Na ce uku. Ya nuna wata ya ce shekara guda ya yi yana kanta, sau huɗu ana dawo masa da ita. Na tausaya masa har raina, amma na ce ba ta da alaƙa da magani. Ya tashi ya shiga kicin, na ji ya buɗe famfo ya daɗe. Da ya dawo bai zauna ba, ya ce, "Cire." Na cire. Zuwa ƙarfe uku sibi ta koma shafi biyu, tsaf da ita, ni kaina da ta zo teburina sai na ɗaga waya.

Sai na yi abin da nake yi wa kowace takarda a ƙarshe, na bi shekarun da ɗan yatsa daga sama har ƙasa. Karatun digirinsa na uku a layi biyu ya rubuta shi: ya fara, ya yi shekara biyu, sai layin ya ƙare, sabon layi kuma ya tashi bayan wasu shekara biyun. Tsakaninsu babu komai. Hannuna ya zagaye wurin da jan biro tun kafin kaina ya farka, bakina kuma ya faɗi abin da ya saba faɗa a ofis.

"Wannan giɓin fa? Shekara biyu, me kake yi?"

Na ɗago, na ga yana kallona.

"Yaya, ke kike tambayata?"

Sai a lokacin na tuna. A shekarun nan ne Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Mama ta riga ta rasu. 'Yan'uwanmu kowa ya kawo uzurinsa, ni ma na kawo nawa: an ƙara mini girma a wurin aiki, yarana suna makaranta, tafiyar awa takwas ce a mota. Auta shi ne ba shi da uzuri, don a ganinmu ɗalibi ne kawai, karatu kuma ai ba ya gudu. Ya rufe gwaje-gwajensa ya koma gida. A shekara biyun nan sau uku na je, na ukun ranar jana'iza ce. Kunya ta rufe ni, kuma da yake ban iya zama da kunya ba, sai na fake da aiki.

"To ba komai," na ce da sauri. "Gyaran mai sauƙi ne. A haɗe layin biyu ya zama ɗaya, daga shekarar da ka fara zuwa wadda ka gama. Babu ƙarya a ciki, kowa haka yake yi."

"A'a."

"Auta, saurara. Na san masu karanta takardun nan, ni ce su. Idan muka ga giɓi ba ma tambaya. Cewa muke yi ko kora ce, ko wata matsala ce, mu ajiye gefe mu ɗauki ta gaba. Ni da hannuna na ajiye irinta ba adadi."

"A wurin aikinmu," in ji shi a hankali, "ba a cire sakamakon gwaji don bai yi wa mutum daɗi ba."

"Wannan ba ɗakin gwaji ba ne! Matarka wata tara tana gidansu. 'Yarka ta fara tafiya ba ka nan. Ka yarda na cire maƙala sha shida, sai layi ɗaya ne zai gagara?"

"Maƙalolin suna mujalla, duk mai so zai gani. Wannan kuwa babu inda aka rubuta shi." Ya jawo kujera ya zauna. "Duk bayan awa biyu nake juya shi, Yaya, don kada bayansa ya yi gyambo. Magani kala bakwai, kowane da lokacinsa. Na koyi ba shi abinci da ƙaramin cokali ba tare da ya ƙware ba. Ni nake yi masa wanka, yana rufe ido don kunyata. Idan na haɗe layin nan, na ce karatu nake yi ke nan. Ba karatu nake yi ba. Ina wurin Baba."

Ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Idan na kira a waya, "da sauƙi" kawai yake cewa, ni kuma in yi hamdala in kashe, don abin da nake son ji ke nan.

Na duba agogo, huɗu da kwata. Wasiƙar neman aikin da za ta raka sibi ɗin tana buɗe a kwamfuta. Mun gama sakin layi na farko da na biyu, maganar awa shida da injin da ɗaliban.

"Za su iya ajiye ka gefe saboda wannan," na ce. "Ina so ka sani."

"Na sani."

"To faɗi, in rubuta."

Ya faɗa, na rubuta: na dakatar da karatuna na shekara biyu na yi jinyar mahaifina har ya rasu, sannan na koma na kammala. Na so in ƙara masa ado irin namu na ofis, in ce wannan ya koya masa haƙuri da kula da ƙa'idar magani. Har na fara bugawa, ya ɗora hannunsa kan nawa.

"Bar shi haka. Ba don in koyi wani abu na yi ba."

Na goge abin da na ƙara. A sibi ɗin ma muka bar layin biyu yadda suke, muka sa jimla guda a tsakaninsu. Ya karanta komai daga farko har ƙarshe, ya kama ni da kuskuren harafi biyu, abin da ya ɗan dawo masa da fara'a. Biyar saura kwata na danna, takardu suka tafi. Ban san hannun da za su faɗa ba, ko mai tsayawa ya karanta ne ko irina ce.

Ya miƙe ya fara tattara shafukan da na soke, yana jera su bisa lamba kamar da sauran amfaninsu. Ni kuwa na kasa tashi. Akwai tambayar da na daɗe ina kauce mata, na ga idan ban yi ta a ranar ba, ba zan taɓa yi ba.

"Auta, Baba yana tambayata?"

Ya ci gaba da jera takardun, bai kalle ni ba.

"Kullum."

"Me kake ce masa?"

"Ina ce masa kina hanya."