Ɗigon Jini a Tafin Dogo

Tun da mahaifinsu ya ajiye aiki, Yaya da ƙaninta Dogo ne ke riƙe da filin wankin manyan motoci da ke bayan tasha. Ita ke kula da inji da kayan aiki, shi kuma ke riƙe bindigar ruwa, don tsawonsa yana kai shi inda wasu sai sun taka tsani.

Ranar da abin ya faru, wata tirela ce a kan ramin wanki, ƙarƙashinta baƙin mai da taɓo sun kame kamar kwalta. Direbanta, wani dattijo mai furfura a gemu, yana zaune a benci cikin rumfa, hannunsa na hagu a aljihu. Dogo ya tsiyaya sinadarin cire maiƙo a durom ɗin da injin ke zuƙar ruwa, ya zare koren kai daga bakin bindiga ya ɗaura ja, wanda ke tattara ruwa ya fito siriri kamar allura.

"Jan kai kuma?" in ji Yaya. "Wannan ai fenti yake ɓarewa."

"Ƙarƙashin mota zan shiga, Yaya, ba fuskar amarya zan wanke ba."

Bai daɗe da farawa ba ƙarfin ruwan ya ragu, bindigar ta riƙa tari a hannunsa. Ya fito daga ramin yana tsaki. Tiyon ya tsufa, akwai inda ya kumbura kusa da mahaɗinsa da inji, wurin da Dogo ya naɗe da tsohuwar roba. Sabo na nan rataye a sito, amma bakinsa bai dace da injin ba, kullum ana cewa gobe za a kai a canza.

"Bari in kashe tukuna!" Yaya ta ɗaga murya.

Ƙarar injin ta haɗiye maganarta. Dogo ya ajiye bindigar, ya kama tiyon yana bin sa da tafin hannu, yana laluben inda yake yoyo. Da ya kai kan robar sai ya fizge hannun.

"Wash!"

Yaya ta kashe injin, ta matsa kunamar bindigar har sauran ruwan da ya maƙale ya fita, sannan ta nufo shi. A gindin ɗan yatsansa na tsakiya akwai ɗigon jini guda, bai kai ƙwayar gero ba. Ya lashe shi ya yi dariya.

"Ko sauro ya fi shi iya cizo. Kunna mana, mutum yana jira."

"Mu ga hannun," in ji direban. Ba su ma ga tasowarsa ba.

"Baba, ba komai ba ne."

Dattijon bai yi musu ba. Ya zaro hannunsa daga aljihu ya buɗe a gabansu. Yatsu biyu babu, fatar wurin ta tattare.

"Tiyon man da ke ɗaga bodin tifa," ya ce. "Huji kamar naka. Ni ma na ce ba komai, na kwana da shi ina shafa man zafi. Da na je asibiti, abin da suka iya bar min ke nan."

Dogo ya kawar da kai. "Naka mai ne, Baba. Nawa ruwa."

"Ruwan da ka zuba wa me?"

Yaya ta kama hannun ta juya shi a rana. Yatsan ya soma yin fari, ta taɓa ta ji ya yi tauri da sanyi kamar ba na mai rai ba. Ta ɗago ta dubi Dogo.

"Shiga mota."

"Yaya, ga motoci can a layi."

"Su koma inda suka fito. Ko ka shiga, ko in kira Mama yanzu in saka ka a kunnenta."

Direban ya ce ta ɗauko jarkar sinadarin, likita zai so ya gani. Ta jefa ta a kujerar gaban tsohuwar motarsu, shi kuma ya shiga baya tare da Dogo, ya ɗaga masa hannun sama ya riƙe.

Har suka wuce tasha Dogo yana zolaya, wai an mai da shi jariri. A shataletale suka tarar da cunkoso, motoci sun cushe ba gaba ba baya. A nan zolayar ta ƙare. Yaya ta dube shi ta madubi, ta ga zufa tana tsatstsafo masa a goshi, ya cije leɓe.

"Yaya," ya ce a hankali, "kamar ana hura min wuta a ciki."

"'Yata, akwai sabulu a motar nan?" in ji direban. "Zoben da ke hannun nan nasa sai ya fita kafin ya shaƙe ɗaya yatsan."

Ta miƙa masa gutsuren sabulun da ke aljihun ƙofa. Tana jin nishin ƙaninta a bayanta, tana jin dattijon yana cewa "haƙuri, saura kaɗan," ita kuma ta danne hon ba ta ɗaga ba. Da ta ga ba a motsi, ta karya sitiyari ta hau gefen titi, ta bi ta gaban shaguna masu kaya suna ja baya suna zaginta. Ba ta waiwaya ba.

A asibiti, nas ɗin da ke karɓar marasa lafiya ta dubi ɗigon, ta dubi dogon layin da ke benci. Yaya ta ɗora jarkar a kan teburinta.

"Sista, injin wankin mota ne ya harba masa wannan a ciki."

Nas ɗin ta karanta jikin jarkar, ta latsa yatsan, ta miƙe ta fita da sauri. Ba a jima ba ta dawo da likita, wata mace mai tabarau, wadda ta ja Dogo zuwa wani ƙaramin ɗaki. Lokacin tafin ya kumbura har layukansa sun ɓace.

"Hujin ƙarami ne, amma ɓarnar tana ciki," in ji likitar. "Ruwan ya bi ƙarƙashin fata, kuma sinadarin yana cin nama yanzu haka da muke magana. Sai mun buɗe hannun mun wanke, daga yatsa har inda ya tsaya."

"Ku buɗe? Da wuƙa?"

"Tiyata, yanzu. Ba zan yi maka alkawarin yatsan ba. Hannun nake so in ceto."

Dogo ya miƙe tsaye, kansa ya kusa taɓa fanka. "A kan wannan ɗigon za a farke min hannu? Da me zan yi aiki? Yaya, mu tafi. A ba ni allura kawai."

Likitar ba ta tare shi ba. Ta sa babban yatsanta ta danna can sama da wuyan hannunsa, nesa da hujin. Ya saki ƙara, ya zube kan gadon da ke ɗakin.

"Har nan ya kai," ta ce.

Yaya ta durƙusa a gabansa, ta kama fuskarsa da hannu biyu. "Dube ni. Ni na goya ka, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙonka. Ka bar su su yi."

Ya dube ta, ya dubi dattijon da ke tsaye a bakin ƙofa. Ya gyaɗa kai.

Bayan an tura shi ciki, direban ya ba ta zoben, ya ce zai koma ya rufe musu ƙofar filin. Ta kira matar Dogo, ta rasa ta inda za ta fara, ta ce kawai ta taho asibiti, yana da rai. Su biyu suka zauna a baranda suna kallon ƙofa guda. Duk wanda ya fito sai sun miƙe.

Rana ta karkata kafin likitar ta fito tana cire hular tiyata. Ta ce hannun ya tsira. An bar ciwon a buɗe, za a sake shiga a wanke, yatsan kuma sai an ga yadda jini zai koma masa. Daga baya yatsan ya tsira, ba a cire shi ba, sai dai bai ƙara lanƙwasuwa ba.

Matar Dogo ta fashe da kuka tana godiya. Nas ta kawo wa Yaya ruwa a kofi, ta karɓa, kofin ya karkace mata har rabin ruwan ya zube a ƙasa.

"Zauna, baiwar Allah," in ji nas ɗin, tana jawo mata kujera. "Kada mu sami majinyata biyu."

Ta zauna. Sai a lokacin ta lura ashe da takalmin robar aiki ta zo, ƙafa ɗaya cike da ruwa.