Kukan Motar Kawu

Kawu ne ya kafa dokar ranar da ya ba su motar, ina zaune ina ji. Ƙafa ta hana shi tuƙi, sai ya kira 'yan'uwana biyu, Yaya da Auta, ya miƙa wa kowa makulli ɗaya. Yaya zai yi tasi da ita daga safe zuwa tsakar rana, Auta ya karɓa har yamma. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Duk wanda injin nan ya buga a hannunsa, ya ajiye mini makullina, shi da motar nan har abada. Ba na son jin ba'asi." Kawu kuwa in ya faɗi magana, ko shi kansa ba ya iya janye ta.

Ni tela ce, shagona a ƙofar gida yake, tagarsa tana kallon inda ake ajiye motar. Ba sa ido nake yi ba, Allah ya sani, amma ai mutum ba ya ɗinki da ido a rufe. Yaya shiru-shiru ne, irin mutanen da za ka shekara da su ba ka san cikinsu ba. Auta kuwa bakinsa da rediyonsa ba sa hutawa. Matarsa ta haihu ba da daɗewa ba, kuma ban da makullin nan ba shi da wata sana'a a duniya.

Wata rana da Auta ya kai mai jego asibiti, sai ga Yaya da mai wayarin mota, wanda ake kira Filaya don ba ka raba shi da filaya a aljihun baya. Suka buɗe bonet. Na ajiye almakashi na fito.

"Me ya lalace kuma?" na tambaya.

"Ba abin da ya lalace, Tela," in ji Filaya. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a jikin inji, da waya ɗaya a kansa. "Wannan shi ke jin ƙarfin baƙin mai. In ƙarfin ya faɗi sai ya kunna jar fitila a dashbod. To fitilar ta dushe, da rana ba a ganinta, ƙaninki kuma ba kallon dashbod yake yi ba. Ƙararrawa zan sa mata."

Ya fito da wata 'yar baƙar aba kamar murfin kwalba, mai jela biyu. Jela ɗaya ya haɗa ta da wayar ɗan ƙarfen, ya zuro ta ta wata ƙofar roba zuwa cikin mota. Ɗayar ya ɗauko mata wuta daga bayan makulli, ya sa mata fis. Yaya ya murɗa makulli, abar ta tsandara tsiiii har cikin haƙorina. Inji na tashi ta yi tsit.

"Haka za ta riƙa yi kullum," in ji Filaya. "Ka murɗa makulli ta yi kuka, don mai bai hau ba tukuna. Inji ya tashi ta yi shiru. Amma ranar da ta yi kuka ana cikin tafiya, a kashe mota a bar ta ta huce."

Har ya fara tattara kayansa, sai Yaya ya ja shi gefe suka yi ƙus-ƙus. Filaya ya dawo ya kwanta rigingine, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe a can.

"Ba ka ce ka gama ba?" na ce.

"Salatif nake naɗawa."

Salatif ɗin kuwa yana kan rufin mota, ina kallonsa. Abin ya tsaya mini a rai.

Tun daga makon nan Auta ya shiga uku. Da rana ta take, ya shiga cunkoso, inji ya koma silo yana juyi a hankali, sai abar ta fashe da kuka. Dole ya gangara gefe ya kashe mota, fasinjoji su fita suna tsaki, wasu har da zagi. Direbobin tasha suka sa masa suna Mai Jiniya. Kullum ya dawo rai a ɓace, Kawu kuma yana zaune a kan benci da sandarsa yana tambaya.

"Yau ma ta yi kukan?"

"Ta yi, Kawu."

"Kai fa?" ya juya wajen Yaya.

"Ban ji ba," in ji Yaya, idonsa a ƙasa.

Kawu ya dubi Auta irin kallon da ake wa akuyar da aka kama da ganye a baki. "Mota ɗaya, inji ɗaya, a hannun wani lafiya, a hannun wani kuka. To muna nan."

Auta ya je wajen Filaya da faɗa. Filaya ya ce masa da safe mai yana da kauri, da rana ya yi zafi ya tsinke, tsohon inji kuma ba ya riƙe tsinkakken mai. Auta ya dawo shagona ya zauna a kan buhun ƙyalle yana huci.

"Anti, bakinsu ɗaya. So yake Kawu ya ƙwace makullina ya ci motar shi kaɗai."

"Kai, rufe mana baki, yayanka ne," na ce. Amma a raina na ce ruwa ba ya tsami banza.

Washegari ina share ƙofar shago Yaya ya fito. Ya duba gejin mai, ya ƙara, ya shiga, ya sunkuya kaɗan kamar mai gyara takalmi, ya murɗa makulli. Inji ya tashi, ya tafi. Ina riƙe da tsintsiya sai abin ya faɗo mini: ba kuka! Filaya da bakinsa ya ce duk murɗa makulli sai ta yi kuka. Na jira tsakar rana. Yaya ya dawo, ya sake sunkuyawa, ya fita. Auta ya shiga ya murɗa nasa, abar ta ce tsiiii. Na kasa kunne washegari, haka. Rana ta uku ma haka.

Ban iya riƙe magana ba, kowa ya sani, kuma wannan ba ta riƙewa ba ce. Na kira Auta na gaya masa. Muka jira Yaya ya shiga ciki, Auta ya kwanta inda Filaya ya kwanta, yana lalube. Can sai ya ce, "Anti, zo ki gani." Wani ɗan makunni ne, an ɓoye shi a bayan robar sitiyari inda ido ba ya kaiwa. Ya murɗa makulli, kuka. Ya danna makunnin, shiru. Ya sake dannawa, kuka.

Ya fito fuskarsa ta canza. "Uwa ɗaya uba ɗaya," ya ce. "Shi ya kashe ta ya yi aikinsa lafiya, ni ya kunna mini ita in zama abin dariya."

"Mu kai wa Kawu," na ce.

"Kawu nasa ne. Ki bar ni da shi."

Daga ranar, Yaya ya kunna ƙararrawa ya miƙa mota, Auta na shan kwana ya kashe ta. Ya koma aikinsa ba tsayawa, rediyo har ƙarshe. Kawu ya tambaya, Auta ya ce ai ta daina. Na ga Yaya ya ɗago ya dube shi, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. Na ce a raina, munafuki, asiri ya tonu.

Ba a jima ba, wata ranar da aka yi tsananin zafi, ina kan keken ɗinki sai na ji hayaniya. Na leƙa, ga motar Kawu wata akori-kura tana jan ta da igiya, Auta a ciki yana riƙe da sitiyari. Ba sai an gaya mini ba. Bakanike ya zo ya gwada juya injin da sifana, ko motsi bai yi ba. Ya share hannu ya ce ya buga, ya cije.

Kawu ya sa aka kira Yaya. Muka tsaya a gaban bencinsa. Auta bai jira a tambaye shi ba, ya ja hannun Kawu har bakin mota ya nuna masa makunnin.

"Ka gani, Kawu? Tarko aka ɗana mini. Anti shaida ce."

"Ni na ji da kunnena," na ce. "Da safe ba ta kuka."

Kawu ya koma ya zauna. "Kai ka sa a yi wannan?"

"Ni ne," in ji Yaya.

"Don me?"

Yaya ya dubi motar. Sannan ya ce, "Injin nan ya gama, Kawu, tun kafin a sa ƙararrawa. Na ji shi a kunnena. Ni ma da na bar ta a kunne, da hantsi za ta fara yi mini kuka. Na kashe ta ne ina lallaɓa shi, in zai buga ya buga da safe a hannuna. Ni ko yau na ajiye makulli akwai mai babbar mota da ke nemana. Shi fa? Na kunna masa ne don ya riƙa tsayawa. Da yana tsayawa da bai buga masa ba."

Ni dai raina bai kwanta ba, na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

"In gaya wa Kawu ya jingine motar, yaron nan ya ci me? Kayan gyara nake haɗawa a hankali wajen bakanike, ga shi nan ku tambaye shi." Bakanike ya gyaɗa kai. Yaya ya juyo gare ni. "In gaya wa Auta kuwa, kafin la'asar kin ji, kafin magariba layin nan duk sun ji."

Kunya ta kama ni, da haushi, haushinsa ma ya fi yawa. Mutum ya yi maka alheri a ɓoye kamar mai sata, yaya za a yi ka gane?

"Da ya ce ta daina kuka, ba ka san ya gano ba?" in ji Kawu.

"Na yi zato. Na ce sai na kama shi mu biyu. Kwanan nan ko gaisuwata ba ya amsawa."

Kawu ya jinjina kai, ya miƙa tafin hannu. Yaya ya yi sauri ya zaro makullinsa ya ɗora.

"Ba naka na ce ba."

"Kawu, laifina ne, ni na yi ƙarya na ce ban ji ba."

"Ka yi ƙarya, za mu yi wannan maganar. Amma a hannun wa ya buga?" Kawu ya mayar masa da makullin. Idonsa ya yi ja, na san ba daɗi yake ji ba. "Na faɗa a gabanku, kun amsa. Auta."

Auta ya ciro zoben makullansa. Na motar yana haɗe da na ɗakinsa da na akwatin matarsa. Ya sa farce zai buɗe zoben, farcen ya zame. Ya sake, ya zame. Daga cikin gida muna jin jaririn yana kuka. Yaya ya matsa ya miƙa hannu zai taya shi, Auta ya janye, ya juya masa baya. Sai kuma ya tsaya, ya miƙo zoben ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Yaya ya karɓa ya zare makullin, amma ya kasa miƙa wa Kawu, yana tsaye da shi a hannu, sai da Kawu ya tashi da sandarsa ya karɓa da kansa.