Zaren Inna Talatu

Sau uku ke nan mazari na suɓucewa daga hannun Inna Talatu. Hajjo maƙwabciyarta ta ɗauko mata, ta ce ta haƙura mana, ga alawayyo ya cika kasuwar Birnin Kudu tun da kuɗin fetur suka zo.

"Shekara hamsin ina kaɗa wa mutane zare, sannan a naɗe ni a ƙyallen kanti? Likkafanina da zarena za a saƙa."

To, Barau masaƙi ya ce saura mazari huɗu. Ga yatsun Inna sun kumbura sun karkace kamar citta. Wanzami ya yi ƙaho har ya gaji.

Hajjo ce ta lallaɓa ta zuwa asibiti. Wata nas, Martina, ta juya hannun a hankali, ta ce ba sanyi ba ne. Akwai ƙwayoyi a cikin jini masu gadin jiki, su ne suka rikice suka far wa gaɓoɓinta, suna zaton cuta ce. Magani ba zai kore su ba, sai dai ya lallashe su.

Inna ta yi dariya har da hawaye. "Ashe ɓarawon na gida ne. Ni da na ciyar da su tuwo shekara saba'in!"

Martina ta ba da ƙwayoyin magani, ta ce kada a taɓa aiki da sassafe, a jiƙa hannun a ruwan ɗumi tukuna.

Haka aka yi. Kullum da hantsi Hajjo kan shigo da ƙwaryar ruwan ɗumi, su zauna gindin ɗorawar gidan. Hannun dama dai ya ƙi murza mazari, sai suka raba aikin: Inna na jan auduga da hagu, Hajjo na murzawa. Hajjo ba gwana ba ce, tana shan faɗa kuwa.

"Ke wannan murza ce ko tuƙin tuwo?"

Barau ya ce bai taɓa ganin zare mai ƙulli haka ba, amma ya saƙa. Ranar da aka kawo farin saƙin, Inna ta shafa shi a kumatu, ta ce ya yi.

Bayan an yanke dawa, Inna ta cika, ranar wata Alhamis da walaha, Hajjo na riƙe da hannun. A cikin saƙin zarenta aka naɗe ta.

Washegari da hantsi Hajjo ta shigo, sai a tsakar gida ta ga ashe ta ɗauko ƙwaryar. Ta ajiye ta kusa da mazarin, ta zauna har ruwan ya huce.