Man Kaɗen Barikisu

Duk matan da ke zaman kansu a bayan unguwar Kawukudi a Ankara ta Ghana sun san Barikisu da magana ɗaya: babu kondom, babu shiga ɗaki. Ko kuka namiji zai yi, sai dai ya ɗauki takalminsa. To wannan Barikisun ce yau nas ta zaunar a asibiti, ta ce gwaji ya nuna tana da ƙanjamau.

"Madam, ki sake dubawa. Wallahi ban taɓa yi babu roba ba."

"Tana fashe miki?"

"Wani lokaci. Robar yanzu ai ba ta da kyau."

"Me kike shafawa?"

"Man kaɗe. Daga Tamale ake kawo mini."

Nas ta buɗe roba, ta mulke ta da mai, ta bar ta jim kaɗan, ta ja. Sai ga ta ta yage kamar tsohuwar leda. Mai yana cin roba, in ji ta, kowane irin mai ne.

Nas na ta bayanin magani, wai in ta riƙe shi za ta rayu lafiya. Ina, Barikisu ba ta ji. Hankalinta na kan Zuera, 'yar garinsu da ta zo Ankara dako a kasuwar Makola, dakon bai riƙe ta ba. Ita Barikisu ta ba ta ɗaki, ita ta koya mata kada ta yarda da kowa babu roba, ita kuma ta miƙa mata gwangwanin man da hannunta, don kada ta ji ciwo.

Ba ta jira mota ba. Ta ratsa lungunan Maamobi da rana tsaka, tana tsallake kwata, tsoro kamar zai kashe ta.

Ta sami Zuera a ƙofar ɗaki tana shayar da jaririnta.

"Tashi mu je asibiti."

"Lafiyata ƙalau, Yaya. 'Yan unguwar Nima su gan ni a layin gwaji? Gobe labari ya kai gida."

"Su gani mana. Man nan da na ba ki, shi ke fasa robar. Ni dai an ce ina da ƙanjamau."

Zuera ta kalle ta. Sannan ta dubi yaron, ta sa yatsa a hankali ta zare masa nono daga baki. Ya fasa kuka, yana lalube da hannu.

"Yaya, in ba shi ko in hana shi?"

Barikisu ta buɗe baki. Wannan kam ba ta tsaya ta tambayi nas ba.