Tsuntsayen Tagar Beryl

Duk layin babu wanda bai san tagar Beryl Ogden ba. Ta ƙare ƙuruciyarta a masana'antar buga yadi ta garinsu a yankin Lancashire na Ingila, kuma ranar da ta ajiye aiki aka ba ta yadi mai zanen tsuntsaye a kan reshen tuffa, ganyen nan kore shar. Ta ɗinka labule da shi, amma sai ta rataye shi zanen yana kallon titi, farin shafin yana kallon ɗaki. A ganinta, abu mai kyau ba a ɓoye wa masu wucewa shi.

Wannan labule ya daɗe yana ci wa 'yarta Glenda rai, musamman tun da ta auri ɗan masu hali. A gidajen dangin mijin, zane ɗaki yake kallo, juya shi waje kuwa ƙauyanci ne. Ga shi yau uwar mijin, Misis Pemberton, za ta zo shan shayi karo na farko. Da Beryl ta fita sayen kek, Glenda ta hau kujera ta juya labulen, ta kuma ja shi ya rufe tagar don baƙuwa ta ga tsuntsayen da kyau. Zaman birni ya mantar da ita cewa a layinsu, farin labule a rufe da rana tsaka sanarwar mutuwa ce.

Beryl ta dawo ta ƙofar baya, ta dubi tagar, ta wuce ta ɗora ruwan shayi.

Ana cikin shan shayi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarsu Edna ce, ido jawur, riƙe da farantin abinci a rufe, tsofaffi biyu na biye da ita da huluna a hannu. Tana ɗaga kai sai ga Beryl tsaye da butar shayi.

"Ke Beryl, ashe kina nan daram? Na gama yi miki kuka, har na yafe miki kwanona da kika riƙe. Wane marar hankali ne ya juya labulen nan?"

Glenda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Misis Pemberton kuwa ta ajiye kofi, ta ce lallai ita ma sai da ta yi ta yawo a layin, domin ɗanta ya ce ta nemi gidan da ke da tsuntsaye a taga, ya ce mata ba ta taɓa ganin zane irinsa ba. Edna dai tana tsaye tana jiran jin wanda ya juya labulen.

"Ni na sa ta, Edna," in ji Beryl, tana zuba shayi ba tare da ta dubi 'yarta ba. "Na ce bari ni ma in ga tsuntsayen nan sau ɗaya kafin in mutu da gaske."

Aka kwashe da dariya. Glenda ta so ta taya su, amma sai ta lura uwarta ba dariya take yi ba, shayin ma a gefen kofi yake zuba.