Wandon da Ya Tsaya Saman Gwiwa

Ƙarfe shida na safe, sanyi yana ratsa ƙashi, na jingina kekena a ƙofar shagon Nafi'u tela a Bande. Kullum nakan kai burodi ƙauyuka, kuma kacar keke ta riga ta cinye mini ƙafar wando har biyu. Shi ya sa jiya na kawo masa wandona mai kauri, guda ɗaya tak da ya rage, na ce ya yanke shi ya tsaya ƙasan gwiwa.

Da na gwada, sai ga gwiwoyina a waje.

"Nafi'u, me na yi maka? Ce maka na yi zan shiga balo in buga ƙwallo?"

"Ai ka ce na keke ne. Haka nake ganin masu tsere a talabijin."

"Masu tseren naka a hanya azahar take riskarsu? Da wannan zan tsaya salla? Ga kuma sanyi!"

Ban saba ɗaga murya ba, amma ranar har mai shayin gefen shagon sai da ya leƙo. Na zauna kan benci na juya masa baya, zuciyata tana tafasa.

Nafi'u ya karɓi wandon. Ya tono guntayen daga cikin tsummoki, ya mayar da taƙi guda a kowace ƙafa, ya zura roba a baki don ta kama ƙwauri. Ina sakawa ya fita ya gyara mini ɗaurin kwandon burodi da ya karkace.

Na hau na tafi, ban ko waiwaye shi ba.